Garin Gyaran Gira Kada A Rasa Ido: Abin Yi In Tsohuwar Kwamfuta Ta Cije Wajen Sauya Windows

Daga Wakilinmu

Tun daga ran 14 ga watan Oktoba, 2025, ranar da kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci a gidaje suka shiga tsaka-mai-wuya. Kamfanin ya daɗe yana aiko musu da saƙo a fuskar na'urorinsu cewa su ƙaura zuwa Windows 11. Waɗansu sun amsa kira, sun ƙaura lafiya lau. Waɗansu kuwa da suka danna maɓallin, sai kwamfutar ta kama aiki, ta yi nisa, sa'an nan ta cije. Ko dai allon ya yi shuɗi, ko ya yi baƙi ƙirin, ko kuwa na'urar ta dinga mutuwa tana tashi ba ƙaƙƙautawa.

Abin da yakan biyo baya sananne ne. Mai ita ya sa ta a jaka sai wajen mai gyara. Akwai ƙwararru masu amana a Farm Centre ta Kano da Banex Plaza ta Abuja da Computer Village ta Ikeja a Legas, amma ba kowa ne ke dacewa da su ba, wani ma wajen yaron unguwa da aka ce ya iya zai kai. In aka faɗa hannun mai gaggawa, hukuncin guda ne: a yi mata fomat, watau a share duk abin da ke cikinta a zuba sabo. Kafin la'asar kwamfuta ta tashi garau, mai ita ya biya ladan aiki yana godiya. Sai ya koma gida ya buɗe, ya tarar kundin binciken 'yarsa na kammala jami'a babu, hotunan biki da na suna na shekara goma babu, lissafin bashin kanti da hoton takardun fili duk sun bi ruwa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, kwamfutar da ta cije wajen sauya manhaja, mafi yawan lokaci kayan da ke cikinta suna nan daram, ba abin da ya taɓa su. Ƙofa ce ta ƙi buɗuwa, ɗakin bai ƙone ba. Saboda haka aikin yana da tsari: a fara ceto kaya, a bi da binciken abin da ya kawo cikas, sa'an nan a yanke shawara. Wanda ya fara da na ƙarshe shi ne yakan yi kuka.

ME YA SA AKE ƘAURAR?

Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu da ofisoshinmu. Ita ce kamar uwargida a cikin na'ura: ita ke tayar da kowa, ta raba aiki, ta san inda aka ajiye komai. Sauran manhajoji, irin su Word da Excel da Chrome, duk a ƙarƙashinta suke zaune.

Kowace Windows tana da wa'adi. An daina kula da Windows XP ran 8 ga Afrilu, 2014, Windows 7 kuma ran 14 ga Janairu, 2020. Ita Windows 10 ta fito ran 29 ga Yuli, 2015, ta yi shekara goma da 'yan watanni ana kula da ita. Ƙarewar wa'adi ba ya hana kwamfuta tashi. Abin da ya tsaya shi ne facin da kamfanin ke aikowa kowane wata don toshe ɓarakar da ɓarayin intanet ke bi su shiga.

Wanda ya raina wannan faci, ya tuna abin da ya faru a watan Mayu, 2017. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, tana kulle fayilolin mutane, tana neman a biya dala 300 kafin ta saki. Asibitoci da dama a Ingila sun soke ganin marasa lafiya saboda ita. Alhali kuwa tun watan Maris na wannan shekara Microsoft ya fid da facin da zai hana ta shiga. Waɗanda ba su ɗora facin ba, da masu tsohuwar Windows da aka daina kula da ita, su ne suka kwana ciki. Ashe ƙaurar tana da dalili. Sai dai ita ma ƙaurar ba a rasa ta da hatsari: a watan Oktoba, 2018, kamfanin da kansa ya dakatar da wani sabon zubin Windows 10 bayan an sami rahoton ya share wa waɗansu mutane fayiloli, bai sake sakinsa ba sai ran 13 ga Nuwamba.

YADDA AIKIN YAKE TAFIYA

Sauya Windows hawa huɗu ne. A hawa na farko, tsohuwar Windows tana nan a raye, ita ke sauko da sabuwar daga intanet, ta duba ko na'urar za ta iya ɗauka. A hawa na biyu kwamfutar takan mutu ta tashi cikin wani ɗan ƙaramin tsari na wucin gadi, a ture tsohuwar gefe, a shimfiɗa sabuwar. A hawa na uku sabuwar takan tashi karon farko, ta yi ƙoƙarin sanin kowane sashe na na'urar. A na huɗu ake kwaso kayan mai ita da saitinsa a mayar masa.

Abin lura a nan shi ne, ba a share tsohuwar Windows a lokacin. Tattara ta ake yi a zuba a wata folda mai suna Windows.old a cikin ma'adanar kwamfutar. In aiki ya ɓaci a tsakiya, an tsara na'urar ta koma gidan jiya da kanta. In kuma an kammala amma mai ita bai ji daɗin sabuwar ba, yana da kwana 10 da zai iya komawa ta sashen saiti, kafin Windows ta share wannan folda. Saboda haka kada a yi garajen share Windows.old don neman fili sai an tabbata komai ya zauna.

HAƘURI TUKUNA

Ba kowace tsayawa ce cijewa ba. Tsohuwar kwamfuta mai ma'adana irin ta faifai mai juyawa tana iya shafe sa'o'i a kan wannan aiki, lambar da ke allo ta tsaya a kashi 30 ko 70 cikin ɗari kamar an dasa ta, alhali a ciki aiki ake yi. In na'urar tana da 'yar fitilar da ke nuna motsin ma'adana, a dube ta. Muddin tana ƙyaftawa, a ƙyale ta. Mutane da yawa da hannunsu suke ɓata aikin, su danne maɓallin kashewa daidai lokacin da aka ture tsohuwar Windows ba a gama shimfiɗa sabuwar ba. Sauri ya haifi nawa.

In an ba ta sa'a uku ko huɗu, lamba ba ta motsa ba, fitila ba ta ƙyaftawa, to, a cire duk abin da aka jona mata: firinta, filas, modem, katin ajiya, a bar maus da kibod kaɗai. Sa'an nan a danne maɓallin wuta kamar daƙiƙa 10 har ta mutu, a sake kunnawa. Sau da yawa a nan za ta rubuta cewa tana warware abin da ta yi, ta koma tsohuwar Windows.

In ta ƙi, akwai wata ƙofar baya. An gina Windows ta yadda in ta kasa tashi sau biyu a jere, a karo na uku sai ta buɗe ɗakin ceto, wani allo mai ɗauke da kayan gyara. Mutum na iya tilasta mata shiga: ya kunna, da tambarin Windows ya bayyana ya kashe, ya maimaita, a na uku ya ƙyale ta. A cikin ɗakin, ƙarƙashin inda aka rubuta "Troubleshoot" sa'an nan "Advanced options", akwai maɓallin gyaran tashi, akwai na cire sabon zubin da aka ɗora, akwai kuma hanyar tayar da na'urar a yanayin lallaɓa, wanda aka rubuta "Safe Mode", inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kawai. Akwai wani maɓalli kuma na mayar da kwamfuta sabuwa fil, mai zaɓin share komai. Wannan kada a kusance shi tukuna.

A FARA DA FID DA DUKIYA

Kafin a gwada kowane magani mai ƙarfi, a kwashe kaya. In na'urar ta koma tsohuwar Windows ko ta tashi a yanayin lallaɓa, aikin mai sauƙi ne: a jona filas ko ma'adanar waje, a kwafe takardu da hotuna da abin da ke kan fuskar allo da abin da aka sauko da shi daga intanet.

In ba ta tashi ko kaɗan, akwai hanyoyi uku. Ta farko, a cikin ɗakin ceto a buɗe baƙin allon ba da umarni, a rubuta notepad. Ɗan littafin rubutu zai buɗe. A nemi buɗe fayil daga cikinsa, tagar da za ta fito tana nuna duk foldodin da ke cikin kwamfutar, ana iya kwafe su ɗaya bayan ɗaya zuwa filas. Kayan mai gida suna cikin foldar Users, in ba a gan su can ba a duba Users da ke cikin Windows.old.

Ta biyu, a je wata kwamfutar mai lafiya a ɗora Ubuntu ko Linux Mint a kan filas, a tayar da marar lafiyar daga filas ɗin. Waɗannan manhajoji suna da zaɓin gwaji, suna aiki daga filas ba tare da sun taɓa ma'adanar ba, kuma suna ganin fayilolin Windows. Maɓallin zaɓen inda za a tashi yakan zama F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo.

Ta uku, a kwance ma'adanar a sa ta a 'yar kwalin da ake sayarwa don haka, a jona ta da wata kwamfutar kamar filas. Wannan aikin mai gyara ne in mutum bai saba riƙe sukudireba ba, kuma waɗansu sababbin laftof ma'adanarsu a manne take, ba ta ciruwa.

Gargaɗi guda: in ana jin ma'adanar tana ƙas-ƙas, ko kwafi yana tsayawa yana ci gaba, alama ce ta kusa mutuwa. A fara kwashe abin da ya fi muhimmanci, kada a matsa mata da dogon bincike, domin shi kansa binciken yana iya ƙarasa ta.

SANIN CIWO RABIN MAGANI

Windows ba ta faɗuwa shiru. Takan bar lamba, mai farawa da 0x, a allon da ya nuna an kasa, ko a tarihin sabuntawa da ke sashen saiti. A rubuta ta a takarda ko a ɗauki hotonta da waya. Ga ma'anar waɗanda aka fi cin karo da su, kamar yadda kamfanin ya bayyana.

Lamba 0xC1900101 tana nuni ga direba. Direba a nan wata ƙaramar manhaja ce mai yin tafinta tsakanin Windows da wani sashe na na'ura, kamar katin hoto ko na sauti ko firinta. In tafintan tsoho ne bai jin harshen sabuwar Windows, magana ta tsaya. Maganinsa a cire kayan da aka jona, a sauko da sababbin direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a kuma cire manhajar kashe bairos da aka saya daga waje har a gama, tun da Windows tana da tata a ciki.

Lamba 0x80070070 ƙarancin fili ne. Kamfanin ya ba da shawarar a sami aƙalla giga 20 babu komai kafin a fara. A kwashe fina-finai da wa'azozi da waƙoƙi zuwa ma'adanar waje, a sake gwadawa.

Lamba 0xC1900208 tana nufin akwai wata manhaja a ciki da ba ta jituwa da sabuwar Windows, sai an cire ta. Lamba 0x800F0922 kuwa takan fito in an kasa isa ga rumbun Microsoft ta intanet, ko in wani ɗan keɓaɓɓen yanki na ma'adana da Windows ke tashi daga cikinsa ya cika.

Lamba 0x80073712 tana cewa wani fayil na Windows ya lalace ko ya ɓace. A buɗe baƙin allon umarni da iznin mai gida, a rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, a jira ya gama, a bi da sfc /scannow. Na farko yana gyara ma'ajin da Windows ke ɗebo kayan faci, na biyu yana bin fayiloli yana maye gurɓatattu da masu kyau.

In lambar ba ta wadatar ba, akwai wata 'yar manhajar kamfanin mai suna SetupDiag, wadda ke karanta littafin da Windows ta rubuta lokacin aikin, ta faɗi inda aka yi tuntuɓe. Sau da yawa har sunan direban da ya jawo abin takan ambata.

Daɗin daɗawa, a duba agogon kwamfutar. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe kwanan wata in an kashe ta. In ya mutu, na'urar takan farka tana zaton tana shekarun baya, rumbun Microsoft kuwa ba ya amincewa da mai irin wannan agogo. Batir na 'yan kuɗi kaɗan ya sha hana aikin da aka yi kwanaki ana fama da shi.

MA'AUNIN WINDOWS 11

Sauran lamba guda, 0xC1900200, wadda ba ta da magani na kusa, domin cewa take yi na'urar ba ta kai ma'auni ba. Windows 11, wadda ta fito ran 5 ga Oktoba, 2021, ta zo da sharuɗɗa: ram giga 4, ma'adana giga 64, firosesa mai bit 64, tsarin tashi na zamani da ake kira UEFI tare da Secure Boot, da kuma wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da ke ɓoye makullan sirri. Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne na firosesa. In ban da 'yan kaɗan, sai Intel zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama.

A nan ne abin ya shafe mu ƙwarai. Kwamfutocin da suka cika gidajenmu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama aka yo jigilarsu. Da yawansu ƙarfe ne na gaske, suna aiki sumul, amma firosesarsu zubi na 4 ne ko na 6 ko na 7. Ganewa ba wuya: a dubi lambar da ke bayan ƙaramin layi. In an ga i5-6300U, zubi na 6 ne, bai shiga ba. In an ga i5-8250U, zubi na 8 ne, ya shiga. Kada a ruɗu da jin "Core i7", domin i7 na zubi na 4 bai cika sharaɗi ba, i3 na zubi na 8 ya cika. Mai niyyar sayen ta hannu ya duba wannan lamba kafin ya taya. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya za su iya zama bola saboda waɗannan sharuɗɗa, mun kuwa san inda irin wannan kaya yakan nufa in an rasa mai saye a can.

Microsoft yana da manhaja kyauta mai suna PC Health Check da ke faɗa wa mutum sharaɗin da na'urarsa ta faɗi. Minti biyu na wannan gwaji ya fi kwana biyu na wahala.

HATTARA DA BIOS

Wani lokaci na'urar tana da TPM, a kashe yake kawai. Ana kunna shi a BIOS, watau allon saitin da ke zuwa kafin Windows, wanda ake shiga da F10 a HP, F2 a Dell, F1 ko F2 a Lenovo. Intel suna kiran nasu PTT, AMD kuma fTPM. Sai dai wurin yana da ramuka biyu.

Na farko, in an girka tsohuwar Windows a tsohon tsarin tashi, aka juya BIOS zuwa UEFI haka kawai, kwamfutar za ta ce ba ta ga Windows ba sam. Hankalin mutum ya tashi, ya ɗauka komai ya tafi. Ba abin da ya tafi: a mayar da saitin yadda yake, za ta tashi. Sai an sauya tsarin rabon ma'adanar daga MBR zuwa GPT tukuna, da wani umarni mai suna mbr2gpt, bayan an kwashe kaya. Kafin a taɓa komai a BIOS, a ɗauki hoton kowane shafi da waya.

Na biyu shi ne BitLocker, kwaɗon da Windows ke kulle ma'adana da shi don kada ɓarawo ya karanta. A waɗansu kwamfutoci yana kunne mai ita bai ma sani ba. In aka taɓa saitin TPM ko Secure Boot, yana iya neman mabuɗin ceto mai lambobi 48. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. A nemo shi a rubuta a takarda tun kafin a fara, domin in ya ɓace, ko kamfanin ba ya iya buɗewa.

WUTA DA DATA

Akwai cikas biyu da littattafan kamfanin ba su cika damuwa da su ba, mu kuwa da su muke kwana. Na farko wutar lantarki. Kwamfutar tebur da aka ɗauke wa wuta a hawa na biyu, ko laftof mai mataccen batir da janareta ya shaƙe yana aiki, sun fi kowa faɗawa ramin mutuwa da tashi. Ba a fara wannan aiki sai an tabbata da wutar sa'o'i huɗu zuwa biyar, ta sola ko inbata ko janareta mai cikakken tanki.

Na biyu data. Windows 11 ta haura giga 5, in sabis ya yanke a tsakiya wani lokaci sai an sake daga farko. Dabara ita ce a je inda intanet ke da ƙarfi, a yi amfani da manhajar kamfanin mai suna Media Creation Tool a zuba Windows a filas mai giga 8 ko fiye, wanda ba kaya a cikinsa domin za a share shi. A gida sai a tayar da tsohuwar Windows, a jona filas, a danna fayil ɗin setup da ke ciki, a zaɓi a bar kaya da manhajoji. Filas guda ya ishi gida da maƙwabta. A shafin Microsoft kaɗai za a sauko da ita. Kwafin da ake yawo da shi wanda aka ce an fasa, ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsa, kuma a wannan kwamfuta ce za a buɗe asusun banki.

IN ZA A JE WAJEN MAI GYARA

Zuwa wajen mai gyara ba laifi ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma a je da sharaɗi. A faɗa masa tun a bakin ƙofa cewa ba a yarda a yi fomat ba sai an kwashe kaya, mai su ya buɗe ya gani da idonsa. A je da ma'adanar da za a zuba su. A nuna masa lambar da aka rubuta, mai gyara na ƙwarai zai yi murna da ita. In akwai hotunan iyali da takardun sirri, a zauna a yi aikin a gaban mai su.

In kuma an riga an yi fomat ɗin, a kashe na'urar nan take, kada a zuba mata komai. A ma'adana mai faifai ana iya tono wani abu muddin ba a rubuta sabo a kansa ba. A sabuwar ma'adana irin ta SSD kuwa, abin da aka share da wuya ya dawo.

Akwai wata shawara mai kyau ga mai hali: ya sayi SSD sabuwa a girka Windows a kanta, a cire tsohuwar ma'adanar a ajiye yadda take. Kwamfutar za ta ƙara sauri sosai, kaya kuma suna nan ba wanda ya taɓa su.

IN TA ƘI SAM

Mai kwamfutar da ba ta kai ma'auni ba yana da zaɓi. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan a cusa Windows 11 da ƙarfi, 'yan kasuwa sun san su. Sai dai kamfanin ya faɗa a fili cewa bai lamunce wa irin wannan na'ura samun faci ba. Zubin 24H2 da ya fito a watan Oktoba, 2024, ma ba ya tashi ko kaɗan a kan tsofaffin firosesa irin su Core 2 Duo. Wanda ya bi wannan hanya ya san a rance yake zaune.

Kamfanin ya kuma buɗe wani shiri na ƙarin faci ga masu Windows 10 na gida, a kan dala 30 ko ta hanyar haɗa saitin na'ura da asusun Microsoft, wanda lokacin sanar da shi aka yanka masa wa'adin shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Rumfa ce ta shan iska kafin a ci gaba da tafiya.

Hanya mai ɗorewa ga tsohuwar na'ura ita ce Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, ya fara a 1991, wadda ake rabawa kyauta. Linux Mint tana tashi da ram giga 2, ta fi sakewa da giga 4, fuskarta kuma ba ta yi nisa da ta Windows ba. Tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Ga ɗalibi mai rubutu da bincike da koyon jarrabawa ta kwamfuta, ta wadatar. Wanda aikinsa ya rataya a kan wata manhajar da Windows kaɗai take bi, ya gwada daga filas tukuna kafin ya girka. Akwai kuma ChromeOS Flex ta kamfanin Google ga wanda duk aikinsa a intanet yake. In kuwa kwamfutar ta buga takardu ce kawai a shago, ana iya barin ta da Windows 10 a raba ta da intanet, a kuma kula da filas ɗin da ake soka mata. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kowace hanya aka zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da mutum ba zai jure rasawa ba, ya ajiye shi a wuri biyu tun yau: kwafi a ma'adanar waje da ke cikin akwati, kwafi a rumbun intanet irin su Google Drive ko OneDrive. Jama'a, kwamfuta ko ta mutu murus akwai irinta a kasuwa. Hoton mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya, da kundin da yarinya ta yi shekara tana rubutawa, ba kantin da ake sayar da su.